Shawarwari a zaure: masu ɗiban saƙo a Kafka suna jan ƙafa

Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Muna amfani da Kafka, manhajar da ke isar da saƙonni tsakanin manhajoji. Muna da tofik ɗaya, wato jerin saƙonni, da ke karɓar bayanan biyan kuɗi, an raba shi kaso 12, masu ɗiba kuma, wato manhajojin da ke karanta saƙonnin, su 6 ne a rukuni ɗaya. Tun jiya da la'asar tazara sai hawa take yi, saƙonni sun taru ba a ɗebe su ba. Oga ya ce a ƙara masu ɗiba kawai. Kafin in yi hakan, wane log, wato fayil ɗin da manhaja ke rubuta abin da ke faruwa, zan fara buɗewa?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Ajiye log tukuna, ƙanwata. Fara da umarnin kafka-consumer-groups.sh, ki haɗa masa --describe da sunan rukuninku. Zai jero miki CURRENT-OFFSET (ofset, wato lambar inda mai ɗiba ya kai), LOG-END-OFFSET (inda saƙonnin suka ƙare) da LAG (tazarar da ke tsakaninsu) na kowane kaso. Ki jira minti biyu ki sake gudanar da shi, don motsin lambobin ake kallo. In ofset ɗin mai ɗiba yana tafiya amma na ƙarshen tofik ya fi shi sauri, aiki ne ya fi ƙarfinsa. In ya tsaya cak a kaso ɗaya, ya maƙale a kan wani saƙo. In kuma CONSUMER-ID, wato sunan mai ɗiban da ke riƙe da kason, yana ɓacewa yana dawowa, rabon kaso tsakanin masu ɗiba ake ta sakewa.

Ummi: Na ukun ne, Yaya. Ofset ya ɗan matsa ya tsaya, kuma duk dubawa sai in ga kaso ya koma hannun wani.

Malam Nura: To ki gaya wa oga ya dakata. Duk mai ɗiba da ya shigo rukuni sai an sake rabo, ke kuma sake rabon ne ciwonki. Ko da ma lafiya lau kuke, mai ɗiba na 13 a kan kaso 12 zaman banza zai yi.

Yanzu log ya zo. Na masu ɗiba za ki fara nema, ki lalubo layin "consumer poll timeout has expired" da umarnin grep. In kin same shi, magana ta kusa ƙarewa. Ma'anarsa an wuce iyakar lokacin da max.poll.interval.ms ya ba da tsakanin kiran poll() ɗaya, wato ɗibar saƙonni, da na gaba. In ba ku taɓa saitin ba, minti 5 ne, kuma max.poll.records, iyakar saƙonnin da ake ɗiba a kira ɗaya, 500 ne. Yi lissafi: daƙiƙa 300 a raba wa saƙo 500, kowane saƙo bai da fiye da 0.6 na daƙiƙa. Ya haura haka, mai ɗiba zai fice daga rukuni da kansa. Da ya gama aikin ya zo tabbatar da ofset, wato shaida wa Kafka inda ya kai, sai ya tarar an ba wani kasonsa, a nan za ki ga CommitFailedException. Wanda aka ba kason kuma daga tsohon ofset zai fara, ya ɗebi 500 ɗin nan dai, shi ma lokaci ya ƙure masa. Haka za su yi ta zagaye kamar ɗiban ruwa da kwando.

Sadiya: Malam, ƙari kaɗan. Kada ta tsaya a ɓangare ɗaya. Kowane rukuni yana da dillali guda, wato ɗaya daga sabobin Kafka, da ke jagorantarsa, kuma a server.log ɗinsa kaɗai labarin rabon yake. Mutane suna ɓata lokaci suna tonon log na dillalin da ba ruwansa. Ummi, ki ƙara --state a umarnin ɗazu, zai nuna miki shi a ƙarƙashin COORDINATOR. Shiga can ki nemi "Preparing to rebalance group". A ƙarshen layin akwai dalili, shi za ki karanta. In mai ɗiba ne ya aiko da LeaveGroup, wato saƙon ficewa daga rukuni, zancen Malam ne. In kuwa an cire shi ne don bugun zuciyarsa, wato siginar da yake aikawa don nuna yana nan da rai, ya daina zuwa, wata cuta ce daban: ko hanyar sadarwa, ko injin Java ya tsaya sharar ƙwaƙwalwa (garbage collection), ko an kashe kwantenar da mai ɗiban ke gudana a ciki don ta cinye ƙwaƙwalwar da aka ware mata.

Abba: Ni a irin wannan ƙara session.timeout.ms, lokacin da ake jiran bugun zuciya kafin a cire mai ɗiba, nake yi, sai a huta.

Sadiya: Abba, ba a kan wannan ba. Tun siga 0.10.1 aka raba bugun zuciya da poll(), kowanne da zarensa. Mai ɗiba zai iya yin ta bugun zuciya lafiya ƙalau alhali ya kafe a kan aiki. Kuma daga Kafka 3.0 an riga an ɗaga session.timeout.ms daga daƙiƙa 10 zuwa 45. Wanda ya kasa numfashi na daƙiƙa 45, log na sharar ƙwaƙwalwa ya kamata a duba masa.

Abba: To, na ji Anti.

Injiniya Bala: Ki lura da agogo in za ki jera log biyu gefe da gefe. Sabobi da yawa a kan UTC suke, agogon Najeriya kuwa yana gaba da awa ɗaya. Na taɓa ganin an ɗora laifi a kan sabunta manhajar da ba ita ba saboda wannan awar.

Ummi: Na samu! Layin poll timeout ɗin cike da log, dalilin da ke wurin dillali kuma LeaveGroup ne. Na bi lokacin da ya fara, ya zo daidai da sa'ar da sabis ɗin da muke kira don tura saƙon tes ya fara jinkiri. Kowane kira yana cin kusan daƙiƙa 2.

Malam Nura: Ai shi ke nan. Rage max.poll.records zuwa 50 yau, ki sa wa kiran nan iyakar jira. Ƙara max.poll.interval.ms ma yana aiki, amma ni ban cika sonsa ba, don ranar da mai ɗiba ya maƙale da gaske za a daɗe ba a ƙwace kasonsa ba. Gyara na dindindin shi ne ki fitar da tura tes zuwa tofik nasa.

Hajiya Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Abu biyu ba wanda ya taɓo. Na farko, log.retention.hours, tsawon lokacin da Kafka ke ajiye saƙo, awa 168 ne in ba a taɓa shi ba, mako guda, amma wasu suna rage shi don tsimin faifai. In tazara ta kai can, Kafka zai goge saƙon da ba a karanta ba, ki ga "out of range" a log, kuma da yake auto.offset.reset, saitin inda za a fara in ofset ya ɓace, yana kan latest, mai ɗiba zai tsallake zuwa ƙarshe, LAG ya koma sifili, a yi ta murna. Duba naku yanzu. Na biyu, ku daina jiran kwastoma ya kira kafin ku sani. Burrow, manhajar sa ido ta LinkedIn, inda Kafka ɗin ma ya fito, yana bin motsin ofset ya bambance mai tafiyar hawainiya da wanda ya tsaya.

Abba: Hajiya, manhajojin sa ido na Prometheus da Grafana ba su isa ba? Mu records-lag-max, lambar tazara mafi girma, muke ja.

Hajiya Rabi: Mai ɗiba ne ke bayar da wannan lambar, ɗana. Ranar da ya mutu ita ma ta yi shiru. Ku riƙa auna tazarar daga ɓangaren dillali.

Ummi: Na duba, namu awa 72 ne, da saura. Na rage max.poll.records zuwa 50, rabo ya lafa, LAG ya fara sauka. Amma Hajiya, saƙonnin da aka yi ta maimaitawa tun jiya fa? Kar a ce wani an tura masa tes sau biyar.

Hajiya Rabi: An tura kam. Tes da sauƙi. Ki duba ko wannan mai ɗiban yana rubuta wani abu a asusun kwastoma. In yana yi, ki ciro lambobin ciniki daga la'asar ɗin jiya ki nemi waɗanda suka fito fiye da sau ɗaya, ki kai wa sashen kuɗi kafin su rufe lissafin yau.