Kashe MMS kaɗai ya isa maganin Stagefright?

Mai Gyaran Waya: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Ɓarakar tsaron wayoyin Android ɗin nan, Stagefright, da Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya tona a Yulin 2015, ta saƙon MMS, wato saƙon waya mai ɗauke da hoto ko bidiyo, take shigowa. Ka shiga saitin saƙo, ka hana wayar sauke MMS da kanta, magana ta ƙare, ko da tsohuwar waya ce.

Injiniya: Maigida, ƙofa ɗaya ka rufe alhali gidan ba katanga. Ciwon ba a MMS yake ba, yana cikin libstagefright, ɓangaren Android da ke warware bidiyo tun daga 2.2. MMS ta yi suna ne don wasu manhajojin, irin su manhajar saƙo ta Hangouts, a wancan lokacin suna sarrafa bidiyon yana isowa, ko taɓa wayar ba ka yi ba. Amma duk hanyar da fayil ɗin bidiyo na MP4 ya bi ya isa wurin, aikin ɗaya ne: burauza, Bluetooth, ko katin memori da aka cika da finafinai a wajen masu turi. Ƙaramin hoton nan da wayar ke fitarwa a jerin bidiyo ma, sai ta karanta fayil ɗin kafin ta yi shi.

Malama Mai Kod: Bari in ƙara haske. MP4 guntu-guntu ne, kowane guntu yana faɗin girmansa da bakinsa. A guntun tx3g, mai kula da rubutun da ke fitowa a kan bidiyo, manhajar tana tara girman da ke hannu da sabon girma, sannan ta ware wuri a ma'adanar wayar, wato RAM. In maharin ya rubuta lamba mai girman gaske, jimillar sai ta zarce iyaka ta dawo ƙarama, kamar mitar mota da ta cika ta koma sifili. An ware ɗan wuri, an zuba kaya masu yawa, ragowar ta malala kan maƙwabta. Ta nan umarninsa ke samun gudana a cikin mediaserver, sashen Android mai kula da sauti da bidiyo, wanda ke da ikon kyamara da makirufo.

Mai Gyaran Waya: To ai daga Android 4.1 akwai cikakken ASLR, tsarin kariyar da ke yamutsa adireshin ma'adana. Mahari bai san inda zai sauka ba, iyakarsa ya sa manhajar ta faɗi.

Malama Mai Kod: Ta faɗi, sai tsarin ya sake tayar da ita, maharin ya sake gwadawa. Kuma a Maris 2016 kamfanin NorthBit ya nuna harin Metaphor ta shafin intanet, ya tsallake ASLR a kan wayar Nexus 5. Babu MMS a lissafin ko kaɗan.

Injiniya: A nan kam ina ɗan ba maigida gaskiya, Malama. Irin wannan harin sai an ɗinka shi daidai da samfurin waya da sigar manhajarta, ba riga ɗaya ce mai shiga kowa ba.

Malama Mai Kod: Wuya daban, kariya daban. Facin farko da aka yi wa ɓarakar tx3g ma ai bai kama ba. Kamfanin Exodus Intelligence ya gano cewa girman guntun na iya zuwa da lamba mai tsawon bit 64, gwajin da aka saka kuwa da iyakar bit 32 yake aunawa, wannan kuskuren ne aka yi wa rajista da lambar CVE-2015-3864.

Mai Gyaran Waya: To me za a ce wa mai tsohuwar waya?

Injiniya: Ya duba ranar facin tsaro a bayanin waya. In babu layin sam, ko kamfanin ya daina turo sabuntawa, kada ya ɗora manhajar banki a kanta. Sai a Android 7.0, a 2016, aka rarraba mediaserver gida-gida, aka rage wa mai warware fayil iko. MMS ɗin ma a kashe, ba laifi.