Neman kalma: me za mu kira "yoga" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. An ba ni rubutu in mayar Hausa don shirin rediyo na 21 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga a 2014, kuma gobe da azahar za a naɗa. Rubutun ba kan miƙe-miƙen nan da ake gani a talabijin yake ba, kan asalin abin ne a addinin Hindu da falsafarsu. Na sa "motsa jiki", edita ya dawo min da shi. Sai kuma "dhyana", sunan ɗaya daga cikin matakan yoga, ita ma ta tsaya min a maƙoshi. A taimaka.

Ɗan Damagaram: Editanka ya yi gaskiya. Patanjali, malamin Indiya na zamanin da wanda littafinsa ne ginshiƙin abin, ya kasa hanyar gida takwas, kuma zaman jiki ɗaya ne tak a ciki, shi ne na uku. Kafin a kai gare shi akwai hani: kada ka cuci mai rai, kada ka yi ƙarya, kada ka yi sata. Bayansa sarrafa numfashi, sai janye ido da kunne daga duniya, har a kai ga tattara hankali. Shi kansa cewa ya yi yoga ita ce tsayar da kai-komon zuciya. Ka ce "horon zuciya" ka huta.

Baban Nahawu: Horon zuciya bayani ne, ba suna ba. Kalmar daga harshen Sanskirit take, saiwarta "yuj", wato haɗa abu biyu a ɗaure, yadda ake haɗa shanun huɗa. Muna da kalmar wannan tun kaka da kakanni: karkiya. A ce KARKIYAR RAI. Na daɗe ina amfani da ita wa ɗalibaina.

'Yar Zazzau: Allah ya gafarta Malam, karkiya a kunnen Bahaushe bauta ce da wahala. Su kuwa masu abin kuɓuta suke nema daga zagayen mutuwa da sake haihuwa. Manomin da ke sauraro a Funtuwa zai ɗauka azaba ake ba mutum. In ma dabba za a kawo, linzami ya fi kusa. A ɗaya daga cikin tsofaffin littattafansu, Katha Upanishad, an kwatanta jiki da keken doki: ji da gani da sauransu su ne dawakai, zuciya ce linzami, hankali ke tuƙi, rai kuma mai keken.

Baban Nahawu: 'Yata, kunne sabo yake yi. Da aka fara cewa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ai dariya aka yi.

Ɗan Damagaram: Kuma har yau kwamfuta ake cewa a kasuwa, Malam.

Almajirin Zawiyya: Ni dai kan "dhyana" zan yi magana. Muna da halwa, muna da muraƙaba a wajen sufaye. Ba yau aka fara wannan kwatance ba. Albiruni, masanin nan Musulmi, ya mayar da littafin Patanjali Larabci a ƙarni na 11, kuma a littafinsa kan Indiya ya riƙa jera maganganunsu da na sufaye.

'Yar Zazzau: Yaya, ka rufa wa Mai Fassara asiri. Ya ce halwa a rediyo, 'yan ɗariƙa su ce ya haɗa su da Hindu, waɗanda ba sa ɗariƙa su ce ga hujja ta fito. Wayar tashar ba za ta huta ba. Halwa tana da ma'abotanta, a bar musu.

Baban Nahawu: Ban da haka ma, halwa da muraƙaba Larabci ne. Wannan ita ce cutarmu. Da an taɓo abu mai zurfi sai mu ruga mu aro, kamar Hausa ta cefane ce kawai da gaisuwa. Harshen da ake ji daga Agadas har Kumasi a ce ba zai iya haifar kalma ɗaya ba?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, "nahawu" ɗin da ke jikin sunanka daga ina ya zo?

Baban Nahawu: Wannan rashin kunya ce, ba hujja ba.

Almajirin Zawiyya: Turawa fa ba su fassara ta ba. Tun da Vivekananda, malamin addinin Hindu, ya je Chicago a 1893 ya yi musu bayanin addininsa, yoga suke cewa, kuma ba wanda ya ce Turanci ya gaza.

Baban Nahawu: To, da yake Bature bai yi ba mu ma haramun ne. Madalla.

Mai Fassara: Malamai, don Allah, lokaci na tafiya. Ga abin da na rubuta: "Yoga tsohuwar hanya ce ta horon zuciya da jiki da ta samo asali a addinin Hindu na Indiya." Daga nan sai in ci gaba da cewa yoga kawai. "Dhyana" kuma na sa "zurfafa nutsuwa". Mace zan ɗauke ta ko namiji?

'Yar Zazzau: Mace mana, yoga ce, yogar Patanjali. Amma "zurfafa nutsuwa" ta ɗan yi min sanyi. Mataki na shida tsayar da hankali ne kan abu guda, na bakwai shi ne dhyana, inda hankalin ke zarcewa a kansa ba yankewa. In ka ce wa na shida "tattara hankali", na bakwai "nutso cikin tunani", za a ji bambanci.

Ɗan Damagaram: Nutso kamar an faɗa rijiya. Amma ya fi babu. Na takwas fa, samadhi?

Mai Fassara: Alhamdu lillahi ba ya cikin rubutun. Kada ku tono min.

Baban Nahawu: Ku je ku ce yoga ɗinku. Amma inda za ka faɗi asalin kalmar, ka ambaci karkiya ko da sau ɗaya, mai sauraro ya san muna da ita.

Mai Fassara: Na sa, Baba: "daga saiwar da ke nufin haɗawa, kamar yadda karkiya ke haɗa shanu biyu." In edita bai yanke ba.

Baban Nahawu: In ya yanke ka turo min shi.