Neman shawara: wace manhaja ce za ta riƙe mana sauti, takardu da imel a wuri ɗaya?

Mai_Faifai: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata tashar rediyo mai zaman kanta a Kano, shekara tara ke nan. Ni fa a ɗakin haɗa sauti nake, amma tun ranar da na gyara wa oga firinta, duk abin da ya shafi kwamfuta ya dawo kaina. Watan jiya ma'ajiyar waje (hard disk ɗin da ake jonawa a kwamfuta) da muke tara shirye-shirye ta faɗo daga kan tebur, yanzu in an jona ta sai ƙas-ƙas take yi. Tafsirin azumi biyu na ciki. Oga ya ce kafin wata ya mutu in kawo manhaja ɗaya da za ta riƙe sauti, kwantiragin talla, imel da bidiyo. Na ga SharePoint, Alfresco da DSpace, kaina ya kulle.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, tambayar ce ba daidai ba. SharePoint da Alfresco na takardun da ake kan aiki da su ne: wa ya gyara, wa ya sa hannu, wa ke da izinin gani. DSpace kuwa jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar da shi a 2002 don rumbun binciken jami'o'i, me zai yi da kwantiraginka? Takardu ka mayar da su PDF/A, wato PDF na ajiyar dogon lokaci. Sauti ka ajiye a tsarin WAV da ba ya rage inganci, MP3 na watsawa ne. Imel ka ba MailStore, manhajar adana imel. Kwafi uku, ɗaya a wajen ginin.

Yar_Rajista: Hmm, Injiniya, faɗa da sauƙi. Mu ofishinmu an sayo SharePoint da dala, naira ta faɗi, aka ƙi sabuntawa. Kuma har yau ni ake aika ɗauko fayil a sito, ƙura har cikin hanci.

Na_Damagaram: Malam, ka ɗora Paperless-ngx a tsohuwar kwamfuta, kyauta ne, yana karanta rubutun takarda. Sai dai a nawa ƙ da ɗ yakan mayar da su k da d.

Injiniya: Kyauta? In wuta ta ɗauke kwamfutar ta ƙi tashi, wa zai kira? Kuma ba a yi Paperless don sauti ba. Mai_Faifai, terabayit nawa kuke da shi, kuma nawa aka ware?

Mai_Faifai: Ranka ya daɗe, ai ba sakaci na yi ba. Shekara shida ma'ajiyar nan ba ta taɓa ba ni matsala ba, mai shara ce ta ja wayar. WAV kuma cin wuri gare shi, shi ya sa nake MP3. Manhaja ɗaya oga ya ce, ba huɗu ba.

Injiniya: To, ka kai masa ɗaya, mu haɗu baɗi.

Yar_Rajista: Ni dai tafsirin ne ya tsaya min a rai. Ba wanda ya naɗa a waya?

Mai_Faifai: Zan tambaya. Amma Alfresco ɗin, da gaske akwai na kyauta?