Me za mu kira felt da Hausa? Ni dai na tsaya kan “cuɗa”

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu yanke mata hukunci. Wasu daga cikinmu sun riga sun kawo sunayen da suke ganin sun dace, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. A azuzuwan koyon sana'ar hannu akwai darasin da ake yin gyale da gashin tunkiya da siliki, ba a saƙa ba, ba a ɗinka ba, ba a sa gam ba. Bature yana kiran yadin da ake samu felt, aikin kuma felting. Wanda ya jefa kalmar cikin injin fassara, sau da yawa “ji” zai fito masa, domin a Turanci rubutunta ɗaya da kalmar da ke nufin mutum ya ji wani abu. Sai ka karanta “gyalen ulu da aka ji”, ka rasa wa ya ji shi, kuma me ya ji.

Ba a raɗa wa abu suna sai an san shi, don haka bari in faɗi yadda yake. Kowane silin gashin tunkiya mai ulu, in aka duba shi a madubin likita, lulluɓe yake da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na jikin kifi, bakinsu duk yana kallon gefe ɗaya. In ruwa da sabulu da ɗumi suka shige shi, sai ɓawon ya ɗan ɗaga. In aka murza, kowane sili yana iya matsawa gaba amma ba ya iya komawa baya, sai ya yi ta kutsawa cikin 'yan'uwansa har su kulle juna, kullewar da ba ta warwaruwa. Duk wanda ya taɓa wanke rigar sanyi ta ulu na ainihi da ruwan zafi, ya ga ta tsuke ta yi tauri, ya riga ya yi wannan aiki, sunansa ne kawai bai sani ba.

A aji kuwa, ana shimfiɗa ledar nan mai ƙwayayen iska a tebur, a ɗora siliki mai shara-shara. A riƙa zaro gashin kaɗan-kaɗan ana jerawa a kai, sama-sama, yadda ana hango silikin ta ƙasa. A rufe da raga, a yayyafa ruwan sabulu, a danna har ya jiƙe. Daga nan sai murza da tafin hannu a hankali, sannan a naɗe duka a jikin sanda a yi ta mirginawa, a warware, a juya, a sake naɗewa. A nan sababbin ɗalibai suke gajiya. Malama kan ɗan tsunkuli gashin da yatsa biyu: in silin ya taso shi kaɗai, da saura, in ya taso tare da yadin, ya kama. Sai mataki na ƙarshe, ruwan zafi da matsa da maka shi a tebur, har ya tsuke. Gyalen da aka shimfiɗa kan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, wani ma har rabi.

To, mene ne sunan wannan?

Saƙa dai ba ta cikin lissafi, ko da yake ita ce ta farko da take zuwa baki. Saƙa sai da zare, wani a tsaye wani a kwance, ko kuma zare ɗaya da ake ta sarƙawa da kwarashi. Nan babu zare babu abawa, ba a ma kai ga kaɗi ba. Wanda ya kira shi saƙa ya ɓatar da mai koyo tun daga bakin ƙofa.

Wani ɗan'uwa ya ce a ari kalmar kawai, a ce “felti”, tunda abin Turawa ne. Ɗan'uwa, aro ba abin kunya ba ne. Ulu da siliki da yadi duk aro ne, sun zauna daram. Amma abin ba na Turawa ba ne. A kaburburan Pazirik da ke duwatsun Altai na Saberiya, inda ƙanƙara ta adana kayan mutanen da, an tono labule babba da siffofin tsuntsaye na wannan yadi, waɗanda suka haura shekara 2,200, suna nan a gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Mongolawa da shi suke rufe tantinsu har gobe. Dardumar mutanen Kirgistan, shirdak da ala-kiyiz, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin jerin al'adun da ke bukatar agajin gaggawa a 2012. Turkawa suna cewa kece, Farisawa namad, Larabawa libd. Kowa da sunansa. Kuma “felti” ba za ta yi wa 'yan'uwanmu na Nijar amfani ba, su da Faransanci ya ba su feutre, kalmar da ɗan makaranta ya fi sani da alƙalamin zane. Babban aibinta ma shi ne ba ta haihuwa. Ta yaya malama za ta ce wa ɗaliba aikinki bai yi ba tukuna? “Bai feltu ba”?

Wani malami a cikinmu kuma ya ce a kira shi lifidi. Malam, na ga naka, kuma shi ne ya fi jan hankalina. Gaskiyarka, daga libd na Larabci kalmar ta fito, wato asalinta wannan yadi ne da muke nema wa suna. Da a ce littafi nake rubuta wa masana, da na ɗauka da gudu. Sai dai kalmar ta yi tafiya mai nisa tun da ta shigo. A kunnen Bahaushe lifidi rigar kariya ce ta doki da mahayinsa, mai kauri, wadda aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Ka ce wa mace an yi mata gyalen lifidi, za ta ɗauka ba'a kake. Abin da muke magana a kai kuwa, in an yi shi da kyau, iska ma tana ɗaga shi. Ka yi haƙuri, Malam, kalmar tana da mai ita.

Dara ma haka. Jar dara da irin wannan yadi ake yin ta, kuma misali ce mai kyau ga wanda bai taɓa ganin abin ba: ka ce masa ya shafa dara ya nemi zare. Amma sunan hula ce, ba sunan yadi ba.

Akwai masu cewa “danƙararren ulu”. Wannan ya kusa. Ya dace da mai kauri, irin na tanti da wanda ake sa wa injuna ko gudumar cikin fiyano. Amma danƙarewa siffar ƙarshe ce ta wani nau'i kawai, ba ta faɗin abin da hannu yake yi, kuma gyalen siliki ba ya danƙarewa. “Sarƙa” kuma ta faɗi abin da silin yake yi, sai dai harafi ɗaya ne tsakaninta da saƙa, ga kuma sarƙar wuya tana jira ta rikita zance.

Shi ya sa na tsaya kan cuɗa. Ku duba abin da kalmar ta riga ta ɗauka kafin mu ɗora mata komai. Cuɗa ita ce murza abu da ruwa da sabulu, yadda ake cuɗa wanki ko a cuɗa wa yaro baya. Wannan shi ne aikin hannun ɗaliba a tebur, babu ƙari babu ragi. Sannan in abubuwa suka shiga cikin juna har aka kasa raba su, cewa muke sun cuɗe. Wannan kuma shi ne abin da ke faruwa da silin gashin. Saiwa ɗaya ta riƙe aikin mutum da halin gashi a lokaci guda, abin da ko lifidi ko danƙarewa ba su yi ba.

Ga kuma haihuwa. Aikin: cuɗar ulu. Malama ta ce, “Ci gaba, bai cuɗu ba.” In ya yi ta ce, “Madalla, ya cuɗu.” Auduga ba ta cuɗuwa, domin silinta ba shi da ɓawo. Ulun da aka yi wa magani a masana'anta don ya jure wankin inji, wanda aka goge masa ɓawon aka shafe shi da wani sinadari, shi ma ba ya cuɗuwa, kuma ɗalibai da yawa da shi suke asarar yini. Merino, tunkiyar da asalinta Sifen ne amma Ostireliya ta shahara da kiwonta, ulunta yana saurin cuɗuwa saboda laushi da sirantar silinsa. Duk waɗannan jimloli babu wadda sai an tsaya yi wa Bahaushe sharhi. Kayan da aka yi kuma su bi sawun “hular saƙa”: hular cuɗa, jakar cuɗa, gyalen cuɗa. Yadin kansa, yadin cuɗa, ko cuɗaɗɗen ulu in ana son a bayyana da me aka yi shi.

Mai sana'ar fa? A ƙa'ida masaƙi ya ba mu macuɗi. Amma macuɗi da macuci sun yi kusa da yawa a kunne, kada a jawo wa mutane faɗa da abokan ciniki. A ce mai cuɗar ulu, a huta.

Yaya, ke da kika ce ulu kansa matsala ne, kin yi gaskiya, kuma wannan ya fi sunan aikin haɗari. A bakin mutane ulu zaren saƙa ne mai launi-launi, wanda galibinsa ma na roba ne, bai taɓa ganin tunkiya ba. Ɗalibar da aka ce ta zo da ulu za ta zo da ƙwallon zare, ta yi ta murza har magariba babu abin da zai cuɗu. Abin da ake bukata shi ne gashin da aka wanke aka taje amma ba a kaɗa ba. Masu kaɗin auduga suna da kalmar wannan mataki tun da can: saɓi, audugar da aka shiɓe aka shirya don kaɗi. Ina ganin “saɓin ulu” ya yi. Wanda kalmar ta yi wa tsufa ya ce tajajjen gashin tunkiya.

Yanzu sai nau'in da ya jawo zancen, na siliki. Sunansa a duniyar masu sana'ar nuno felt. Polly Stirling, wata mai sana'a a jihar New South Wales ta Ostireliya, ita ta fito da shi a farkon shekarun 1990, tare da abokiyar aikinta Sachiko Kotaka, suna neman yadin ulu marar nauyi da za a iya sawa a ƙasa mai ɗumi. Nuno kalmar Japananci ce, ma'anarta yadi. Mu kam ba za mu iya aronta ba, domin muna da namu nuno: “ya nuno ni da yatsa”.

Wata baiwar Allah ta kawo “cuɗar siliki”. Ya yi daɗin faɗi, amma ƙarya ce cikinsa, kuma ƙaryar za ta cuci mai koyo. Siliki ba ya cuɗuwa. Silinsa sumul yake. Abin da ke faruwa shi ne gashin yana ratsa ƙofofin saƙar silikin ya ɓullo ta baya, sannan ya cuɗe da ɗan'uwansa, silikin ya makale a tsakani. Shi ya sa ake zaɓen mai shara-shara. Masu koyarwa kan ce a kara shi a baki a hura, in iska ta kai tafin hannu gashi ma zai wuce. Shi ya sa kuma ake farawa da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi: ruwan zafi da wuri zai sa gashin ya cuɗe da kansa a sama, ya zama wani falle daban da za a iya ɓare shi daga silikin. In an kai ga tsukewa, ulun ne kaɗai ke tsukewa, siliki ba ya bin sa, sai ya tattare ya yi wannan yamutsa mai kyau da ake sayen gyalen dominta. Duk wannan yana cikin kalma ɗaya ƙarama da ya kamata sunan ya ɗauka, wato “kan”. Cuɗa kan yadi. Ya fi “kan siliki” faɗi, tunda ana yi a kan siririyar auduga ma, ga shi kuma ya zo daidai da abin da sunan asali yake nufi.

Malam ya sake dawowa da hujja mai nauyi: akwai wanda ake yi a bushe, babu ruwa babu sabulu, da allura mai ƙananan tsaga a jikinta, ana caccaka gashin har ya haɗe. Da shi ake yin 'yan tsana da furanni, kuma manyan injuna masu dubban allurai da shi suke yin fallayen da ake sayarwa, har na zaren roba. Ina cuɗa a nan? Malam, hannu kam caka yake yi, ban musa ba. Amma ka tambayi gashin: tsagar allura tana jan sili tana cusa shi cikin 'yan'uwansa har su cuɗe. Rabin ma'anar kalmar yana nan. Sai mu raba su da cuɗar ruwa da cuɗar allura, mu bar iyalin a gida ɗaya. Na yarda ta fi zama a na ruwa, kuma in bakin masu yi ya zaɓi “cakar ulu” ga na allura, ba zan yi musu da su ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma masu koyarwa za su bukace shi tun a darasi na biyu. Wani lokaci ana tsayar da aikin a tsakiya, gashin ya kama juna har ana iya ɗaga shi a yanka da almakashi, amma bai tsuke ba. Ana yanka ganye ko fure daga ciki, a jera kan siliki, a ci gaba da cuɗa su haɗe. Ni “ɗanyar cuɗa” nake kiransa, yadda muke cewa ɗanyen aiki. Sai dai ɗanyen aiki a Hausa zargi ne, wannan kuwa da gangan ake barin sa haka. Masu saƙa da masu rini da ke cikinmu, yaya kuke kiran aikin da aka tsayar a rabi don a yi wani abu da shi?