Neman shawara: na faɗi jarrabawar duba majinyata ta sashen yara

Ɗalibar aji biyar: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina karatun likitanci a nan Zariya, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta kai wannan mataki, har mahaifinmu ya jinginar da gonarsa ta hanyar Giwa saboda ni. A watan da muka shiga sashen yara mahaifiyarmu ta kwanta da hawan jini, kullum ina tsakanin Tudun Jukun da asibiti. Na ci rubutacciyar jarrabawa, amma na faɗi oski, wato jarrabawar duba majinyata a aikace wadda ake zagaya wurare daban-daban da ake kira tashoshi, kowace tasha minti biyar, da ƙararrawa ta kaɗa sai a matsa gaba. A wata tasha aka ce in duba cikin wani yaro mai sikila. Ina ɗora hannu don laluben saifa ya fashe da kuka, kafin in rarrashe shi lokaci ya ƙare. Saura mako shida in sake, na rasa ta inda zan fara.

Dattijon likita: Wa alaikumus salam, 'yata. Maganinki ɗakin majinyata, ba komai ba. A zamaninmu majinyaci guda ake ba mutum, ya zauna da shi kusan awa ɗaya, ya ɗauki tarihin ciwonsa, ya duba shi daga kai har ƙafa, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya gano. Ki ajiye littafi, ki riƙa zuwa bayan magariba lokacin da babu cunkoson ɗalibai, ki duba yara biyar kowane dare. Ki ɗumama tafin hannunki, ki bar yaron a cinyar uwarsa, ki fara daga inda ba ya masa ciwo.

Likita mai neman ƙwarewa: Ranka ya daɗe, ina neman afuwa, amma tsohon tsarin sa'a ce ke tafiyar da shi: wani ya samu majinyaci mai sauƙi da malami mai sassauci, wani akasin haka. Don gyara wannan ne Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotlan suka fito da oski a 1975, kowa ya bi tashoshi iri ɗaya, a auna shi da takardar maki guda. Ƙanwata, kowane mataki da makinsa: gaisuwa, gabatar da kai, neman izini, wanke hannu, dubawa da ido kafin taɓawa. Ki samu abokan karatu biyu, ku sa agogo, kina yi kina faɗin abin da kike yi da baki.

Ma'aikaciyar jinya: Shekara goma sha takwas ina ɗakin yara, ɗalibai sai jarrabawa ta gabato suke sanin hanyarmu. Su taru su takwas a kan jariri ɗaya, ko sannu ba su ce wa uwar ba, mu a bar mu da ba da haƙuri.

Ɗalibar aji biyar: Anti, ni ba na cikin waɗannan, littafin halartata cike yake da sa hannu. Baba, fitar dare ba za ta yiwu mini ba, ni ke kwana da mahaifiyarmu. Atisaye da agogo kuwa mun yi shi sosai a kan junanmu, amma babba ba ya kuka.

Dattijon likita: To, kin kawo hujjata da bakinki. Sa hannu a littafi ba ya koya wa yatsu gefen saifa. Wanda ya haddace matakai a kan abokinsa, ranar da ya gamu da yaro na gaske hannunsa zai yi rawa. Idan dare bai yiwu ba, ki je da asuba kafin zagayen likitoci.

Likita mai neman ƙwarewa: Har yanzu ba ki faɗa mana tasha nawa kika faɗi ba, domin da wuya tasha ɗaya ta kayar da ɗalibi. Kin je wajen malamanki kin nemi bayanin makinki?

Ɗalibar aji biyar: Ban je ba, Yaya, ina jin nauyinsu, kuma ni na san yaron nan ne ya rikita ni. Akwai wanda ya taɓa sake wannan jarrabawa a cikinku?