Musayar Waƙa a Kan Rigar Kaka da Haƙƙin Masu Saƙa

Tela daga Idi-Araba:

Assalamu alaikum. A makon jiya ɗiyar ƙanwata da ta girma a Ingila ta shigo shagona da babbar rigar kakanta, ta saƙi mai aska takwas, wadda wuyanta ya koɗe saboda gumi da shekaru amma ko zare ɗaya na aikin bai warware ba. Ta ce in ɗinka mata irinta guda ashirin ta kai Landan ta sayar da sunan kayan gado, ni kuwa na san yadin da zan samo a kasuwar Balogun ta nan Legas na inji ne, aikin wuyan kuma keke zai gama shi a yini ɗaya. Na ɗora baitocina a kan amsa-amon "wa", duk mai amsawa ya riƙe shi.

Rigar kakanki na shimfiɗa a tebur,
Na ga aikin da ya fi ƙarfin mantuwa.

Mace ce ta gurje audugar ta shiɓe,
Ta ja zare da mazari mai juyawa.

Masaƙi ya zauna yana jefa ƙoshiya,
Siririn saƙi ɗai-ɗai ake haɗawa.

Mai allura ya sunkuya watanni,
Kafin aska takwas ta kai ga fitowa.

In na buga miki irinta da keke,
Kada ki ce gado ce wajen sayarwa.

'Yar Agege da ke zaune a Landan:

Kawu, na ji faɗanka, kuma ban zo don in yaudari kowa ba. Tun da benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a 2013, ya hallaka masu ɗinki fiye da 1,100, masu saye da yawa a can suka koma tambayar wanda ya ɗinka tufa da abin da aka biya shi, ni kuma ina so in riƙa ba da amsa da sunan garinmu.

Kawu, ƙasar sanyi ce ta rene ni,
Amma a Agege na fara rarrafawa.

In sun tambaye ni, ke 'yar ina ce,
Zanen jikina ne yake amsawa.

Sai na ji atamfar da nake ji da ita,
Can a Holan ne ake bugawa.

Ku nuna mini masaƙi da marini,
Ladan guminsu in biya kafin bushewa.

Dattijo marini, mazaunin Agege:

'Yata, kada atamfa ta sa ki jin kunya. Kamfanin atamfa na Vlisco da ke garin Helmond a Holan, wanda aka kafa a 1846, zanen mutanen Jaba ta Indonisiya ya kwaikwaya, amma matanmu ne suka zaɓi zubin da suke so, suka raɗa wa kowanne suna, har ya zama nasu. Sai dai wanda ya fito daga hannunmu tun daga gona har jiki shi ne saƙi da rini. A marinar Ƙofar Mata na buɗe ido, wadda ake kai tarihinta ga shekarar 1498, kuma lokacin da Bature Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafinmu har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura ma da shi Buzaye suke naɗa rawani.

'Yata, ki ja tabarma ki saurara,
Rijiyar baba ba ta son gaggawa.

Toka da kanwa da baba mukan haɗa,
Su yi makonni a rami suna tsimuwa.

Zane ya fito kore kamar ganyen rama,
Iska ta buge shi, shuɗi ke fitowa.

Mabuga su ɗora shi a kan gungume,
Har ka ga fuskarka in kana dubawa.

Hannuna har yau bai rabu da shuni ba,
Shekaru a Legas ina ta wankewa.

In za ki saya, kada ki karya farashi,
Aikin wata guda ne kike tayawa.

Mai gwanjo daga kasuwar Katanguwa:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in faɗi ta talaka. Masaƙar Kaduna Textiles ta unguwar Kakuri da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta United Nigerian Textiles kuma ta tsaya a 2007, saboda rashin wutar lantarki da tsadar man injuna da yadin da ake shigowa da shi ta fasa-ƙwauri, daga nan ne dila ta mamaye kasuwa. A kasuwar Kantamanto ta Akkara a Gana kaɗai ana sauke tufafi kimanin miliyan 15 a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa.

Baba marini, na ji kuma na yarda,
Amma aljihun talaka yana ramewa.

Mai turin baro da 'ya'ya shida a ɗaki,
Da me zai sayi saƙi a Sallah mai zuwa?

Dila nake kwancewa tun da asuba,
Wani na sawa ne, wani na zubarwa.

Su sa sau uku su ce sun yi sadaka,
Mu ne a kwata da bola muke kwashewa.

Da masaƙun Kakuri na nan da ransu,
Wa zai gan ni da tsumma ina tallatawa?

Hajiya mai sayar da zannuwa a Obalende:

Malam mai gwanjo, ba wanda zai zarge ka, domin kai kana tufatar da wanda saƙi ya fi ƙarfinsa, laifin yana kan masu mayar da ƙasarmu juji. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, ina zuwa kasuwar Itoku ta Abeokuta sarin adire, rinannen zanen Yarabawa, ina ganin matan da suka kwana suna ƙulla zane da zare suna zaune babu ciniki, alhali a rumfar kusa da su ana wawar wanda inji ya kwaikwayi zubinsu aka shigo da shi daga Sin. Da ciwon masu saƙar aso-oke na Iseyin da na marinan Kano duk ɗaya ne.

'Yata, ki rage ashirin ta koma kaɗan,
Kaɗan mai kyau ya fi tarin yagewa.

Ki ba da rabin kuɗi kafin a fara,
Masaƙi bai da jarin jiran dawowa.

Ki sa sunan garin a wuyan rigar,
Zariya ko Kura, mai saye na karantawa.

Na keke ki ce na keke, ki sauke kuɗi,
Shi ma tela yana da bakin ciyarwa.

'Yar Agege da ke zaune a Landan:

Hajiya, na karɓa hannu bibbiyu. Baba marini, ina roƙon a haɗa ni da mutanen Ƙofar Mata kafin hutuna ya ƙare.

Na sauko daga ashirin zuwa huɗu,
Ko da wata shida ne zan yi ta jurewa.

Ta kaka kuwa ba ta shiga kasuwa,
Ɗana zai sa ta in ya kai ga sawa.

Tela daga Idi-Araba:

To, madalla. Ki zo shago ranar Asabar bayan la'asar da rigar, za mu je Agege wurin Baba tare, ya ga irin shuɗin da idonsa kafin a aika Kano. Malam mai gwanjo, ka tara mini waɗanda suka yage kada ka zubar, akwai yara biyu da nake koya wa ɗinki.

Ki taho da rigar a naɗe a zane,
In gwada wuya da hannu in yi rubutawa.

Yagaggun Malam kuma a kawo su buhu,
Jakar makaranta yara za su yi ɗinkawa.