Haihuwar fari: suna, miƙa yaro a coci, rigakafi da takarda, wanne ne gaba?

Angon Ƙarni:
Salama 'yan'uwa. Ubangiji ya ba mu ɗa namiji ranar Talata a asibiti, haihuwar fari, uwa da ɗa suna lafiya. Ni ɗan ECWA ne, maiɗakina kuma gidansu Angilikan ne. Surukata na cewa a yi wa yaro baftisma da wuri, iyayena na maganar rago da taron suna, a asibiti an ce mu dawo rigakafi, wani kuma ya ce in je in karɓo takardar haihuwa. Aljihu ba nauyi. Cikin waɗannan wanne ke da wa'adi, wanne zai iya jira?

Mama Ungozoma:
Barka da arziki ɗana, Allah ya raya. Na asibiti ne ba ya jira, da shi za ka fara.

Ɗauko katin rigakafin yaron yau ka duba. Abu uku ake ba jariri da haihuwa: ɗigon shan inna a baki, allurar ciwon hanta a cinya, da BCG ta tarin fuka a damtsen hagu. Ta ciwon hanta an fi so cikin awa 24 na farko, in an makara kada ta wuce mako biyu. BCG ce aka fi cewa a dawo mata, domin kwalba ɗaya ta yara 20 ce, kuma da an haɗa ta da ruwanta sai a zubar da ragowar bayan awa shida, shi ya sa ƙananan asibitoci ke ware mata rana guda a mako. Tambayi ranar, ka kai su da kanka. Bayan 'yan makonni wurin zai yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya bar tabo. Haka take yi, kada a matse, kada a shafa komai.

Daga nan sai mako 6, mako 10 da mako 14: Penta (allura ɗaya mai kariya daga cututtuka biyar), ta ciwon huhu, ɗigon shan inna da ɗigon gudawa. Wata 9 ƙyanda, shawara da sanƙarau, wata 15 ƙyanda ta biyu. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. Penta kan sa zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba dalilin fasa ta gaba ba ne. In an tsallake wata allura, ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Cibiya: nemi man da aka rubuta chlorhexidine 4% a jikinsa. A wanke hannu, a shafa a kan cibiyar da gindinta sau ɗaya a rana, a bar ta a buɗe, a naɗe ƙunzugu ƙasa da ita. Ajiye shi nesa da maganin ido, in ya shiga ido yana makantarwa. Ban da gashi da tsumma mai zafi, ban da man goge baki, toka ko man zafi. Tana faɗuwa da kanta tsakanin kwana biyar zuwa mako biyu. In gindin ya yi ja, yana wari ko ruwa, asibiti.

Kullum da safe ka fito da yaron bakin taga ka duba farin idonsa, ka ɗan danna goshinsa da yatsa ka ɗaga. In ka ga rawaya, wato shawarar jarirai, tana sauka zuwa ciki da ƙafafu, ko ya ƙi kama nono, ko yana barcin da ba a iya tashinsa, kada ka jira gari ya waye. Shanya shi a hantsi da ruwan gulukos ba sa magance ta, fitila ta musamman ake sa shi a ƙarƙashinta a asibiti, kuma in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Kwashe duk kafur daga akwatin kayansa, a wanke kayan da suka kwana da shi. Akwai yara, musamman maza, da jininsu ba ya jure kafur, shi ke tayar musu da shawarar.

Kaciya a asibiti, bayan an tabbatar ya samu allurar bitamin K kuma ba shi da shawara. Wanzami kada ya cire masa beli, ba ya hana komai, sai zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Nono zalla wata shida, ko ruwa ba a ba shi.

Mai jego kuma, ruwa mai ɗumi ya isa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wankan jego da tafasasshen ruwa da yawan kunun kanwa da ciwon zuciya bayan haihuwa. In ƙafafunta na kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko ciwon kai mai tsanani, ko jini ya ƙaru, kai ta nan take. Kai ne za ka faɗa wa iyaye mata wannan cikin ladabi, ita ba za ta iya musu da uwarta ba.

Dattijon Ikkilisiya:
Barka ɗan'uwa. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa: raɗa suna, miƙa yaro, da baftisma.

Suna a gida ake yi. Wanda aka haifa Talata, sunansa Talata mai zuwa. Mu muna cewa kwana bakwai, Littafi Mai Tsarki na cewa rana ta takwas, lissafi ɗaya ne. Dubi Luka 1:59 da 2:21. Sanar da fasto ko mai bishara tun yanzu, ka ba shi sunan a rubuce a takarda. Ƙarfe shida da rabi ko bakwai na safe ya fi, waƙa ɗaya, karatu, addu'a, a faɗi suna, mutane su sha kunu da ƙosai ko shayi da burodi su wuce aiki. In ka sa shi da yamma, ka gayyaci unguwa ke nan. In dole sai an dafa shinkafa, kilo ɗaya na ciyar da kamar mutum takwas, kilo bakwai ya ishi mutum hamsin. Yi magana da shugabar zumuntar mata, su suka san tukwane da masu girki.

Rago ba farilla ba ne a wurinmu. Yusufu da Maryamu da suka kai Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka kai, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. In Baba na son rago kuma shi zai kawo, karɓa da godiya. Amma kada ka ci bashi dominsa alhali ga kuɗin asibiti a gaba.

Miƙa yaro a cikin sujada ake yi ranar Lahadi, kuma ba shi da ranar dole. Da yawa sukan jira kwana arba'in ko wata uku, har mai jego ta yi ƙarfi, su haɗa da baikon godiya. Je wurin magatakardan ikkilisiya mako biyu kafin ranar, ka ba da cikakken sunan yaro, ranar haihuwa da sunayenku. Wasu wurare sukan nemi ganin takardar aure. A ranar, ku biyu za ku tsaya gaba, ku ɗauki alkawarin renonsa cikin tsoron Ubangiji, fasto ya karɓe shi ya yi addu'a. Ba a zuba ruwa.

Nan ne bambancinku da gidan surukai. ECWA, Baptis da EYN ba sa yi wa jariri baftisma, sai yaro ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, ya yi aji, a nutsar da shi. Angilikan, Katolika da Lutaran suna yi wa jarirai, da iyayen baftisma da ke amsawa a madadinsa, in ya girma ya yi tabbatarwa. Kowane ɓangare na da ayoyinsa, ba kuma a ɗakin mai jego za a warware wannan ba. Abin yi shi ne ku bi tsarin ikkilisiyar da kuke sujada ku biyu, inda yaron zai tashi. Ɗauki dattijo ɗaya ku je ku gai da surukarka, ku bayyana mata, ka roƙe ta ta zo ranar miƙawa, ita ta riƙo jikanta zuwa gaba. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a kai yaro a ɓoye a yi masa a wani coci.

Katikis:
Baba Dattijo ya faɗi daidai. Ƙari kaɗan domin masu karatu na wajenmu: a Katolika dokar ikkilisiya ta ce a yi baftismar cikin makonnin farko, uban ko uwar baftisma kuma sai ya kai shekara 16, ya karɓi tabbatarwa. A tsohon tsarin Angilikan mutum uku ne, ga ɗa namiji maza biyu da mace ɗaya. Angon ƙarni, ka kuma sani in aka yi masa yanzu sannan ya tashi a ECWA, yawanci za a sake nutsar da shi in ya girma, surukarka kuwa za ta ga kamar an raina ta farkon. Gara a daidaita tun yau.

Malamin Rajista:
Takardar da asibiti ya ba ka shaidar cewa an haihu a can ce kawai. Katin miƙawa ko na baftisma shi ma na coci ne. Takardar haihuwa da hukuma ta sani ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar 1992 ta ce a yi rajista cikin kwana 60, kuma cikin wannan wa'adi ba a biyan komai. Jami'insu na zama a sakatariyar ƙaramar hukuma da manyan asibitoci, sau da yawa ranar rigakafi. Tafi da takardar asibiti ko katin rigakafi, da lambar NIN taka da ta maiɗakinka.

Inda iyaye ke jawo wa yaro wahala shi ne suna. Kaka ya ba da na yare, fasto ya faɗi na Littafi, uwa na kiran Godiya ko Nasara, makwabta na cewa Ɗantala. A katin rigakafi a rubuta ɗaya, a coci wani, a makaranta kuma a sa sunan uba a matsayin sunan iyali alhali takardar haihuwa na ɗauke da na kaka. Ba a ganin illar sai ya zo JAMB, wadda tun 2021 ba a rajistarta sai da NIN, ko fasfo, ko asusun banki. Sai rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, da kuɗin gyara.

Kafin Talata ku zauna ku biyu ku tsayar da uku: sunan fari, na tsakiya, na iyali. Rubuta su da manyan baƙaƙe, haka za ka miƙa wa fasto, magatakarda da jami'in rajista. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kai, Ishaku ko Isaac, Bulus ko Paul, kada a gauraya. Karanta takardar harafi da harafi kafin ka bar teburin, musamman rana da wata, domin 3/4 da 4/3 sukan juye. Ɗauki hotonta a waya, ka yi kwafi biyu, asalin ka sa a jakar roba tare da takardar aurenku.

Angon Ƙarni:
Na gode iyayena. Na duba katin, BCG ce ba a yi ba, an rubuta Alhamis. Sunan iyali fa, nawa zan sa masa ko na mahaifina?

Malamin Rajista:
Duba abin da ke gurbin sunan iyali a NIN ɗinka, shi za ka sa masa, haka kuma ga duk ƙannensa. In kana son sunanka ya fito, sa shi a tsakiya. Ranar da za ka nema masa fasfo ko ka sa shi a inshorar lafiya ta wurin aikinka, sunan iyali ɗaya zai sauƙaƙa maka nuna cewa ɗanka ne.